Yaro mai lalura a ajin naziri: a haɗa shi da sa'o'insa ko a ware masa makaranta?

Duk shekara da Satumba ta kama aka buɗe ɗaukar sababbin ɗalibai, gardamar nan sai ta sake tashi a shirye-shiryen rediyo da zaurukan WhatsApp na iyayen yara. Yaro ne ɗan shekara 3 ko 4, ba ya ji, ko ganinsa da rauni, ko bai taka ba, ko har yau bai buɗe baki ba. Wurinsa ajin nazirin unguwa ne tare da sa'o'insa, ko sai an nema masa makaranta ta musamman? Wasu su ce haɗawar cutar yaron ce, don ba abin da zai tsinta. Wasu su ce sauran yaran zai ja baya. Masu fafutuka kuma su ce haƙƙinsa ne, doka ta ba shi. Sau tari ana watsewa ba a ma daidaita kan abin da ake nufi da haɗawar ba.

Bara wata maƙwabciyarmu ta zaga makarantun kuɗi uku da ɗanta a goye. Shawara ce ta kama shi yana kwana uku a duniya, aka tsaya shanya shi a hantsi da ba shi jiƙe-jiƙe, kafin a kai asibiti ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Shekararsa 4 a lokacin. Ba ya zama sai an tokare shi, hannunsa ba ya bin abin da yake so, amma ka faɗi abin dariya a tsakar gida shi zai riga kowa ƙyalƙyalewa. Makarantu biyu suka ce gurbi ya cika. Shugabar ta ukun ce ta fito fili: "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi ba don ni ba. In na karɓe shi yau, kafin ƙarshen zango iyaye biyar sun kwashe 'ya'yansu. Sannan wa zai riƙa kai shi banɗaki?" Ta ba ta shawarar makarantar masu buƙata ta musamman. Makarantar tana can ƙarshen gari, hawa biyu a adaidaita, kuma ba sa ɗaukar 'yan shekararsa.

A nan muhawarar take fara karkacewa. Ana magana kamar iyaye suna zaɓe ne tsakanin makarantu biyu, alhali ga yawancin talakawa zaɓin tsakanin makarantar unguwa ne da tabarmar tsakar gida.

Me ake nufi da karatun haɗaka?

Batun ya samu ƙarfi ne daga taron da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shirya a birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya a 1994, inda wakilan gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantar kowa ita ya kamata ta karɓi kowane yaro. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin nakasassu, sashe na 24 ya ɗora wa ƙasashe wannan nauyi. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar a 2008, Najeriya a 2010. Da aka ga kowa na fassara kalmar yadda ta yi masa daɗi, kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fitar da bayani a 2016 ya rarrabe yanayi huɗu.

Akwai hanawa, wato a ƙi karɓar yaron baki ɗaya, kai tsaye ko da dabarar "gurbi ya cika". Akwai warewa, a kai shi makarantar masu irin lalurarsa. Akwai ajiyewa, a karɓe shi a makarantar kowa amma ba a sauya komai ba, in ya iya bi ya bi, in bai iya ba ya zauna a bayan aji yana kallon taga har a tashi. Na huɗu shi ne haɗaka: makarantar ce ke gyara kanta, daga matakalar ƙofa zuwa yadda malama ke koyar da waƙa, domin yaron ya shiga abin da ake yi.

Yawancin abin da mutane suka gani suka ce "mun gwada, bai yi ba", na ukun ne. An karɓi kuɗin makaranta, an ɗinka masa yunifom, an ajiye shi.

Kuma abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa kamar yadda ake zato. Makarantar allo ba ta saba korar makaho ba. Yana zama cikin almajirai, a biya masa, ya haddace, wani ma ya riga masu ido sauka. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kowane ɗalibi da allonsa da inda ya tsaya, ba wanda ake jira, ba wanda ake cewa ya faɗi jarrabawa ya maimaita aji. Tsarin da masana ke kira shiri na musamman ga kowane yaro, kusan shi ke nan. Amma kurma fa? Tsarin da ya ginu kan kunne bai yi masa tanadi ba, kuma har yau maganarsa ce mafi wuya.

"Mai lalura" ba yaro ɗaya ba ne

Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 a duniya ke da wata nakasa, wato 1 cikin kowane 10, kuma yiwuwar yaro mai nakasa bai taɓa taka makaranta ba ta fi ta sauran yara da kashi 49 cikin 100. Sai dai jimla irin wannan tana ɓoye bambanci mai yawa. Zabiya da hasken rana ke kashe wa ido, buƙatarta zama a gaban aji nesa da taga, manyan baƙaƙe, hula da riga mai dogon hannu. Mai farfaɗiya maganinsa a kan lokaci da malamar da ta san abin yi in ta tashi. Ba su da haɗi da yaron da sanƙarau ya tafi da jinsa.

Harshenmu ma yana ƙara cakuɗa lamarin. Kalmar galahanga ana jefa ta kan yara iri uku. Akwai mai lalurar Down, wanda aka haifa da ƙarin ƙwayar gado ta 21, yana koyo a hankali amma galibi mai son shiga mutane ne. Akwai mai otizim, wanda hayaniya da sauyin abin da ya saba ke rikita shi, magana da cuɗanya ke masa wuya. Akwai kuma irin ɗan maƙwabciyarmu, wanda rauni a ƙwaƙwalwa ya hana gaɓoɓinsa aiki daidai, kuma da yawansu fahimtarsu lafiya lau. A wasu wuraren har yanzu "ɗan ruwa" ake ce wa irinsa, da duk camfin da ke biye da sunan. Malamar da aka ce mata "galahanga ne" kawai, ba a faɗa mata komai ba.

Shan inna, da shi ne ya cika titunanmu da guragu, ya ragu ƙwarai. An ga ƙwayar cutar ta asali, wadda ake kira ta daji, karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020. Abubuwan da suka rage suna nakasa ƙananan yara su ne doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ƙyanda, ciwon kunne mai mugunya da aka yi sakaci da shi, da shanyewar ɓarin jiki ga masu sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da za a iya karewa take zuwa. Ma'ana, lalurorin da ajin nazirin yau zai fi haɗuwa da su ba lallai a gan su da ido ranar farko ba.

Me ya sa ake dagewa a kan naziri?

Don a nan ne abin ya fi sauƙi, ya fi arha, kuma ya fi amfani. Naziri, wato rabin aji, wurin waƙa ne da wasa da tatsuniya da koyon zama da mutane. Ba jarrabawar da ake tsoron wani zai rage wa makaranta maki. Ɗan shekara 4 kuma bai riga ya koyi ƙyama ba. Zai tambaya, "Anti, me ya sa ba ya tafiya?" a ba shi amsa, ya koma wasansa. Ƙyamar daga gida ake kawo ta.

Akwai kuma batun ganowa da wuri. Uwa tana ganin ɗanta shi kaɗai, kuma dangi suna kwantar mata da hankali: namiji ne, nauyin baki gare su, haka babansa ya yi. Malamar naziri ita ce ta farko da ke ganinsa a tsakiyar sa'o'insa, ita ke lura cewa wannan ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, wancan yana manna littafi a hancinsa. A ƙa'idar likitocin yara, wanda ya kai wata 18 bai taka ba, ko shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, ya kamata a duba shi. Shekarun farko ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Yaron da aka ɓoye a ɗaki sai ya kai shekara 8 sannan aka nema masa makaranta, an yi ihu bayan hari.

Amma a nan akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Nazirinmu na yanzu, musamman na kuɗi, ya zama ƙaramar firamare. Ɗan shekara 3 da aikin gida, da rubuta 1 zuwa 100, da sakamako mai "na ɗaya" da "na ƙarshe". Iyaye ne ke neman haka, don su ga kuɗinsu na aiki. A irin wannan aji ba mai lalura kaɗai ke shan wahala ba, shi ne dai wahalarsa ta fi fitowa fili. Da yawan abin da ake kira "ba zai iya ba" yana nufin ba zai iya abin da bai kamata a ɗora wa ɗan shekararsa ba tun farko.

Abin da doka ta tanada

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna bambanci ga nakasassu. Sashe na 17 ya ba mai nakasa haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, kyauta har zuwa sakandare. Sashe na 18 ya ce makarantun gwamnati su zama na haɗaka, kowace da aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya samu horo da kuma kayan aiki. Dokar ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukumar da ta nuna bambanci, mutum ɗaya kuma naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kowa ya duba matakalar firamaren unguwarsu ya ba kansa amsa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya cikin ilimin tushe, da malami 1 ga yara 25. Ta ɓangaren kuɗi, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun UBEC, hukumar da ke kula da ilimin bai-ɗaya, kuma cikin kowace naira 100 ta asusun, naira 2 ce rabon ilimin masu buƙata ta musamman. Firamare da rabin ajinta a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, shi ya sa dokar tarayya kaɗai ba ta isa ba. Jihohi irin su Filato da Kano da Kaduna da Jigawa suna da nasu dokokin. Ƙarancin doka dai ba shi ne ciwon ba.

Hujjar masu ja da baya

Ba duk mai cewa a'a ne mugu ba. Malamar rabin aji a makarantar gwamnati tana iya samun kanta da yara 60 a kan tabarma, ita kaɗai, ba nani, ba ruwa a banɗaki. Ta makarantar kuɗin lungu sau da yawa yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran gurbin jami'a, albashinta bai kai kuɗin cefanen mako biyu ba. Ka ƙara mata yaron da ke buƙatar a ciyar da shi, a canza masa famfas, ka ce doka ce, ka tafi. Ƙwararrun malaman fannin daga wurare irin su Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero suke fitowa, kuma ba su kusa isa kowace firamare ba.

Ƙasar da ake yawan kafa misali da ita Italiya ce, wadda ta soke azuzuwan wariya tun 1977. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta haɗa matakin da malamin tallafi na musamman, kuma a ƙa'ida ajin da ke da mai nakasa ba ya wuce yara 20. Binciken ilimi ma bai ba kowane ɓangare nasara kai tsaye ba. A 2022 wasu masu bincike a Denmak sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe masu arziki, ba su ga wani babban bambanci ba, na ci gaba ko na koma baya, tsakanin yaran da aka haɗa da waɗanda aka ware. A fahimtata, wannan yana nuna sunan makarantar ba shi ne magana ba, abin da ake yi wa yaron a cikinta ne. Sannan su can suna kwatanta makaranta da makaranta ne. Mu muna kwatanta makaranta da zaman gida.

Tsoron sauran iyaye kuwa iri biyu ne. Na farko yaɗuwa, musamman farfaɗiya, da har yanzu ake cewa yawun mai ita na harbi. Ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa. In ta tashi, a kwantar da yaron ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, in ta wuce minti 5 a nufi asibiti. Na biyu kwaikwayo: "Ɗana ya dawo gida yana karkace wuya." Yana faruwa, kwana biyu ne, kamar yadda yake kwaikwayon tafiyar kakansa. Abin da ke da gaskiya a cikin damuwarsu shi ne yaron da ke duka ko cizo in ya rikice. Wannan yana buƙatar babba a kusa da shi, kuma makarantar da ba ta da wannan babban ba ta shirya ba.

Maganar kurame daban ce

A nan ni kaina nake rabuwa da masu cewa a haɗa kowa ko ta halin ƙaƙa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ba sa ji, iyayensu masu ji ne. Yaron yana tashi a gidan da ba mai yi masa magana da harshen da zai iya gani, ban da nuni na ci da sha. Ka kai shi ajin da kowa ke waƙa da baki, ka ƙara masa shekara biyu ba harshe. Abin da yake buƙata babba ne da ya iya maganar hannu, da yara 'yan'uwansa da zai yi taɗi da faɗa da su da hannu. Shi ya sa Ƙungiyar Kurame ta Duniya ke cewa haɗaka a wurinsu tana nufin karatu cikin harshen hannu, ba zama kaɗaici a tsakiyar masu ji ba.

Akwai wani ƙulli kuma. Harshen hannun makarantunmu ya samo asali ne daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, kurma Baƙar Fatar Amurka da ya buɗe makaranta a Gana a 1957 da Ibadan a 1960. Maganar hannu ta Hausa da kurame ke yi a kasuwa da majalisunsu harshe ne daban mai cin gashin kansa. Yaro yana iya koyo ɗaya a makaranta ya tarar da wani a unguwa, iyayensa kuma ba su iya ko ɗaya ba.

Makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano da makarantar makafi ta Gindiri a Filato, wadda take tun 1953, sun fitar da mutane da dama, kuma ba mai hankalin da zai ce a rufe su. Amma 'yan ƙalilan ne, a birane, kuma ba uwar da za ta so ta kai ɗan shekara 4 makarantar kwana. Hanyar tsakiya ita ce irin wadda Legas ta bi: a zaɓi wasu firamaren gwamnati a buɗe sashe a cikinsu, yaran da ba sa ji na yankin su haɗu da malamin da ya iya harshensu, su fita tara tare da kowa, su kwana a gidajensu.

Abin da yake ci, da wanda ke biya

Wasu gyare-gyaren ba su wuce aikin magini na yini ɗaya ba. Gangarar keken guragu ƙa'idarta kowane tsayin ƙafa 1 a ba shi tsawon ƙafa 12, ba irin tudun siminti da ake liƙawa a bakin ƙofa wanda ko mai tura baro sai ya ja numfashi ba. Abin da ke cin kuɗi mutum ne, wato hannu na biyu a cikin aji. A makarantun masu hali ana ce wa iyaye su ɗauko wadda za ta zauna da yaron su biya ta da kansu, ban da kuɗin makaranta, ban da kuɗin gashin ƙashi a asibiti. Talaka ba ya ma jin labarin.

Zaman yaron a gida ma yana da farashi, ba a dai rubuta shi a rasit. Uwa ta bar sana'arta. Yayarsa 'yar aji huɗu ta fara fashin makaranta don raino. Shi kuma yana girma bai san kowa ba sai 'yan gidansu, har ranar da wani zai ce ai gara a fita da shi bakin titi ya samo na kansa.

Maƙwabciyar tamu daga ƙarshe wata ƙaramar makaranta ta karɓi ɗanta, mai ɗaki huɗu a bayan masallacin layinmu. Na leƙa wata safiya. Kafinta ya yi masa kujera mai jingina ta kusurwa da ɗan allo a gaba, an ɗaure ƙugunsa da tsohon ɗankwali. Malamar ta naɗe fensirinsa da soso da salatif har ya yi kauri kamar muciya, don ya iya damƙa. In ta yi tambaya tana ɗaga hotuna biyu, akuya da kaza, shi kuma ya kalli wanda ya zaɓa, yara su yi ihu "ya ci!" Ta faɗa mini sai da ta tsara jerin sunaye na wanda zai riƙe masa gorar ruwa, don kullum faɗa ake a kai. Wata uwa ɗaya ta cire 'yarta. Banɗaki kuwa mahaifiyarsa ce ke zuwa kullum lokacin tara, ta rufe ɗinkinta ta tako da ƙafa.

Baɗi zai shiga aji ɗaya. Makarantar ba ta da firamare, kuma wadda ke kusa da su azuzuwanta na ƙasa ofis ne da shago, ɗalibai a saman bene suke.